Magidanta, Ku Kai Intanet Har Ƙuryar Gida

Ya ku magidanta, ya ku iyayenmu mata masu riƙe da gida, ya ku samari da 'yan mata da ake ƙwala wa kira duk sa'ad da waya ta ƙi aiki, ku ba ni aron hankalinku. Akwai asarar da muke tafkawa kowace safiya a gidajenmu, akwai kuma rashin adalcin da ya samu gindin zama a tsakar gida har idonmu ya daina ganinsa. Maganin biyun ɗaya ne, kuma ba sai mun jira gwamnati ko wani attajiri ba.

Asarar ta data ce. Gida guda, masu waya goma ko ashirin, kowa da layinsa, kowa na sayen 'yar data ta kwana ɗaya ko ta mako, alhali sau da yawa ta fi babbar data tsada idan aka lissafa kuɗin kowane giga. Maigida ya saya, uwargida ta saya, amarya ta saya, ɗalibi ya bi yayyensa da roƙon a tura masa, kafin la'asar wani ya ce tasa ta ƙare. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100, kowa kuma ya ji a aljihunsa. Ku ɗauki biro da takarda bayan sallar isha'i, kowa ya faɗi tsakani da Allah abin da ya zuba wa data a watan jiya, ku tara. Sannan ku tambayi kuɗin layi ɗaya mai ƙarfi na wata guda, irin wanda ake ja wa gida. Ku ajiye lissafin biyu kusa da juna, ku gani da idonku.

Wasu gidajen sun riga sun yi wannan lissafin, sun sayo rauta, wato na'urar da ke karɓar intanet ta watsa shi ta waifai a gida. Madalla. To amma a ina aka ajiye ta? A falon maigida ko a turakarsa, bayan talabijin, wani lokaci ma cikin kabad. A nan sabis yake cike fal. Da ka fito tsakar gida ya fara rawa, kafin ka kai sashen mata ya ɗauke. Maigida kuwa tun da safe ya kulle ɗaki ya tafi kasuwa ko ofis, sai dare. Ke nan intanet ɗin da aka biya kuɗinsa yana yini a ɗakin da babu kowa, waɗanda ke yini a gida kuma ba ya kai musu. Matar da ke sayar da atamfa ko turaren wuta ko cincin ta WhatsApp sai ta aiki yaro da wayarta zuwa zaure kafin hoton kaya ya tafi, ko ta ci gaba da sayen datarta daga 'yar ribar da ta samu. Yarinyar da ke shirin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta, sai ta raɓe jikin tagar babanta da tsakar rana tana gwada tambayoyi. Tsohuwa na son ganin fuskar ɗanta da ke Legas ko Saudiyya, hoto ya tsaya cak, murya ta yanke. A gidan da ke da mata biyu ko uku kuwa, idan ɗakin wannan yana samu na waccan ba ya samu, kada wani ya ce ƙaramin abu ne. Mun san abin da bai kai wannan ba ya hana gida barci.

Ba mugunta ce ta jawo haka ba, gini ne. Nisan da ake rubutawa a jikin kwalin rauta ba da irin bangonmu aka auna shi ba. A ƙasashe irin su Amurka da katako da siririn allo ake raba ɗakuna. Namu ginin bulo ne mai inci tara, da dakin da aka ɗaure da rodi, da rufin kwano, da ƙofofin ƙarfe, da tayil har bango, ga tankin ruwa a tsakiya. A tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Katsina da Damagaram kuwa ginin ƙasa ne, kaurin da ke hana zafi shiga ɗaki shi ne ke hana sabis wucewa. Ƙarfe yana mayar da sigina baya, ruwa da kankare suna shanye ta. Ga shi gidan Bahaushe a shimfiɗe yake: zaure, shigifa, turaka, sassa a kewaye da tsakar gida, shagon samari can waje. Kafin sigina ta ratsa bango uku ko huɗu ta galabaita.

Rautar zamani galibi ta zango biyu take aiki. Zangon 2.4 gigahaz yana tafiya nesa, yana ɗan jure bango, amma ba shi da sauri, ga cunkoso, domin rautocin maƙwabta da na'urorin Bluetooth duk a nan suke turereniya. Zangon 5 gigahaz yana da sauri ƙwarai, sai dai bango ɗaya mai kauri ya isa ya karya shi. Wannan biyar ɗin dabam take da 5G na kamfanonin waya, kada mai shago ya haɗe muku su. Kuma kada ku zaci sayen ƙatuwar rauta mai ƙaho shida zai kashe maganar. Ko da ta iya aiko da saƙo har ƙurya, wayar da ke hannunki ita ma sai ta mayar da amsa, ƙarfinta kuwa kaɗan ne. Shi ya sa za ki ga alamar sabis a waya amma shafi ya ƙi buɗewa.

A nan tsarin raga ya shigo, wanda a kasuwa ake kira mesh. Duk wanda ya taɓa yin sallar Idi a babban fili ranar da lasifika ta ƙi aiki ya san yadda ake yi. Liman ya yi kabbara, muryarsa ba za ta wuce sahu kaɗan ba. Sai wani mai murya da ke tsaye inda yake jin liman sarai ya ɗaga kabbarar, wani can baya ya karɓa daga bakinsa, har ta isa sahun ƙarshe, jama'a duka su yi ruku'u tare. Haka raga take. Akwai uwar na'ura da ake jonawa da inda intanet ke shigowa, akwai rassa biyu ko uku ko fiye da ake bazawa a sassan gida, kowane reshe yana karɓa daga uwar ko daga ɗan'uwansa yana miƙawa gaba. Ku riƙe darasin da ke cikin wannan da kyau, domin a nan mutane da yawa suke yin asarar kuɗinsu: mai jiyarwar da ya tsaya inda shi kansa ba ya jin liman, me zai jiyar?

Gidan duka zai zama da sunan waifai ɗaya da kalmar sirri ɗaya. Ka fara kiran bidiyo a zaure, ka ratsa tsakar gida, ka shiga ɗakin mahaifiyarka ka miƙa mata wayar, na'urorin su miƙa ka daga wannan reshe zuwa wancan ba tare da ka taɓa komai ba. Idan reshe ɗaya ya mutu, sauran sukan nemi wata hanya da kansu, muddin akwai wani a kusa. Daga manhaja ɗaya a waya ake kula da su duka. Tun wajajen 2016 irin waɗannan na'urori suka fara shiga gidajen jama'a sosai, yau kuma akwai su iri-iri: Deco na kamfanin TP-Link, Nova na Tenda, Orbi na Netgear, eero, da na Google. Bibbiyu ko uku-uku ake sayar da su a kwali, kana iya farawa da biyu ka ƙara na uku idan hali ya samu. Kada a ba ku rifita a ce muku raga ce. Rifita ita ce 'yar na'urar nan da ake cusawa a soket ta maimaita siginar rauta. Tana da araha, tana kuma iya ceton ɗaki ɗaya, amma yawanci takan raba sauri biyu, sau da yawa da wani suna dabam take fitowa, wayarka kuma ta liƙe wa mai rauni alhali ga mai ƙarfi a gabanta.

Gaskiya biyu zan faɗa kafin kowa ya taɓa aljihu. Ta farko, raga ba ta ƙara ƙarfin intanet ɗin da ya shigo gida, rarraba shi kawai take yi. Idan abin da ke shigowa mai rauni ne, raunin za ta kai wa kowane ɗaki. Ta biyu, ba kowane gida ne yake bukatarta ba. Mai ciki da falo, ko mai ɗaki uku a haɗe, ya fito da rautarsa daga bayan talabijin ya ɗora ta sama a tsakiyar gida, sau da yawa shi ke nan an gama, ko kobo bai kashe ba. Kirana ga manyan gidaje ne, masu sassa, masu bene, gidajen gado da 'yan'uwa ke zaune da iyalansu, da gidajen haya masu ɗakuna a jere.

Tunda raga rarrabawa kawai take yi, ku fara da tushe, wato intanet ɗin da zai shigo gida. Inda wayar faiba ta iso unguwa, ita ce gaba, ku ja ta. Inda ba ta iso ba, akwai rauta mai cin layin waya ta 4G, ko ta 5G a biranen da ya kai, tun da MTN ta fara shi a Najeriya a 2022, Airtel ta biyo baya a 2023. A Nijar akwai Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom. Kada ku bi talla, ku bi gwaji: ku aro layukan kamfanoni daban-daban ku gwada a cikin gidanku, da rana da kuma bayan magariba lokacin da kowa ya hau. Inda layin waya ba ya kamawa sam, akwai Starlink mai zuwa ta tauraron ɗan'adam, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, ya kuma iso Nijar a 2025. Yana da tsada ga mutum ɗaya, amma gida mai iyali biyar da suka haɗa hannu wani lissafi ne dabam. Kowanne kuka zaɓa, ku tabbata akwatinsa yana da ramin jona kebul, domin ta nan uwar raga za ta sha. Yawancin 'yan ƙananan maifai na aljihu ba su da shi. Idan kuma aka ce muku data marar iyaka ce, ku tambayi giga nawa za a sha kafin a rage sauri, domin da yawansu suna da wannan sharaɗin.

Sai zagayen gida. Wannan aikin ba ya cin ko sisi, kuma shi ne rabin nasara. A kunna rauta a inda ake so ta zauna, mutum ya ɗauki waya ya bi gida ɗaki-ɗaki, har madafi, har ɗakin tsohuwa, yana buɗe bidiyo yana gani. A shiga ciki a rufe ƙofa kamar yadda mai ɗakin ke zama, kada a tsaya a bakin ƙofa a ce ya yi. Inda sabis ya fara raguwa amma bai mutu ba, nan ne gurbin reshe. Ba a kai reshe cikin ɗakin da sabis ya mutu, ana ajiye shi ne a tsakanin wannan ɗaki da uwar, inda bango ɗaya ko biyu kaɗai ya raba su. A ɗaga shi sama da kan mutum, a sarari, nesa da firji da tankin ruwa da ƙofar ƙarfe da babban madubi. Tsakar gida babbar ni'ima ce a wannan aikin: rassa biyu da ke kallon juna ta taga ko ta baranda sun fi biyun da ke kusa da juna amma kankare ya shiga tsakaninsu. A gidan bene, kusa da matakala ne sigina ke samun hanyar hawa, ba ta cikin dakin ba. Kada kuma a jera rassa a layi ɗaya mai tsawo, wannan ya karɓa daga wancan har huɗu, domin a kowace miƙawa ta iska sauri yana raguwa, a na'urori masu zango biyu yana iya faɗuwa da kusan rabi. A sa uwar a tsakiya gwargwadon iko, rassa su kewaye ta. Ko da hakan na nufin ta bar falon maigida, to ta bari.

Wanda yake son aiki mai ƙarko, ya ja kebul. Ina roƙonku da babbar murya a kan wannan. Idan aka haɗa uwar da rassa da kebul na intanet, irin Cat5e ko Cat6, kaurin bango ya daina zama abin damuwa, kowane reshe zai ba da cikakken ƙarfinsa ga wayoyin da ke kusa da shi. Kebul ɗaya yana kaiwa mita 100 ba tare da ya gaza ba, gidaje kaɗan ne suka fi haka tsawo. Ko ba za a iya ja wa duka rassa ba, a ja wa mafi nisa. Amma a sayi na jan ƙarfe zalla. Kasuwa cike take da na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, yana da araha, yana kuma saurin karyewa. A kankare bakin wayar da wuƙa, idan fari ya bayyana a ciki to shi ne. Kebul ɗin da zai ratsa tsakar gida daga wannan gini zuwa wancan kada a rataye shi a sama, rana za ta cinye rigarsa, tsawar damina kuma tana iya bi ta cikinsa ta ƙone na'urorin ɓangare biyu a dare ɗaya. A sa shi cikin bututun roba a binne, a sa masa abin kare tsawa. Mai hali ya ja faiba tsakanin gine-ginen, domin gilashi ce, wuta ba ta bi ta cikinta.

Maganar wuta kuwa kowa ya san halin da muke ciki. Raga da ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke Nepa rabin raga ce, kuma idan reshen tsakiya ya mutu, na bayansa da ba shi da wata hanya shi ma ya tafi. Abin farin ciki shi ne ba su da ci: kowace ƙwaya ɗaya wat 5 zuwa 15 take sha. Ƙaramin batir na rauta da ake sayarwa a kasuwannin waya yana riƙe ta sa'o'i, sai dai a duba abin da aka rubuta a jikin cajarta, ko bolt 9 ne ko 12, a sayi wanda ya dace. Gidan da ke da sola da inbata ya ja musu layi daga can. Starlink ya fi su ci nesa ba kusa ba, babban farantinsa yana shan wat 50 zuwa 100, a sa wannan a lissafi tun farko. Sannan zafi: a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda watan Afrilu ke haura digiri 40, na'urar da aka liƙa ƙarƙashin kwano ko aka kulle a kabad za ta riƙa ɗaukewa da kanta. A ba ta inuwa da iska, a riƙa kakkaɓe mata ƙurar hunturu.

Wajen haɗawa, abu biyu ke yawan rikita mutane. Na farko, akwatin kamfanin da ya kawo intanet shi ma yana da nasa waifai, yana kuma rabon adireshi ga na'urori. Idan aka bar shi da uwar raga kowa yana yin wannan aiki, sai su riƙa cin karo, wasu manhajoji su riƙa tangarɗa. A kashe waifai na akwatin kamfani, a bar ɗaya daga cikin biyun ya yi rabon adireshi, ɗayan ya zama mai miƙawa kawai. Zaɓin yana nan a cikin manhajar. Na biyu, rassan kamfanoni daban-daban galibi ba sa jituwa. Akwai ƙa'idar EasyMesh da aka fito da ita a 2018 don ta haɗa kansu, amma ba kowace na'ura ce ke bin ta ba. Mafi sauƙi, a tsaya a kan kamfani ɗaya.

Yanzu ga wurin da sakaci ke da tsada. Kalmar sirri biyu ce a kowace rauta: ta shiga waifai, da ta shiga cikin na'urar kanta a sauya mata tsari. Mutane sukan canza ta farko su bar ta biyu yadda ta fito daga masana'anta. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci a duniya, ba da wata gagarumar dabara ba, sai da gwada kalmomin sirri kusan sittin da masana'antu ke sakawa, waɗanda masu kayan ba su taɓa canzawa ba. Da waɗannan na'urori na gidajen bayin Allah aka kai harin da ya durƙusar da shafuka irin su Twitter da Netflix na wasu sa'o'i a watan Oktoban shekarar. Ku canza duka biyun a ranar farko. Kada ku sa lambar wayar maigida ko sunan ɗan fari da shekarar haihuwarsa, duk unguwa ta san su. Ku haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, ku cusa lambobi. A wajen tsaro ku zaɓi WPA3 idan akwai, in babu WPA2, ku kuma bar na'urar ta riƙa sabunta kanta.

Baƙo fa? Mu ba mutanen da za su hana baƙo ruwa ba ne, ba kuma za mu hana shi waifai ba. Kusan kowace raga tana ba da damar buɗe layin baƙi mai sunansa da kalmar sirrinsa dabam, wanda ba ya ganin kwamfutoci da kyamarorin cikin gida. Shi za a ba masu zuwa gaisuwa da 'yan majalisar ƙofar gida, a riƙa canza kalmarsa lokaci zuwa lokaci, domin wayoyin yanzu suna iya miƙa wa juna ita cikin ƙiftawar ido.

Na san abin da ke ran wasu iyaye, kuma ban raina shi ba. Suna cewa, mu da muke kukan waya ta lalata tarbiyya, a ce kuma mu kai intanet har ɗakin yara? Ranka ya daɗe, ai ya riga ya shiga. Yana cikin layin da ke wayar ɗanka, yana aiki ƙarfe biyun dare ƙarƙashin bargo, ba ka da iko a kansa ko kaɗan. Intanet ɗin da ya bi ta rautar gida shi ne wanda kake da ta cewa a kai. Manhajar raga tana ba ka damar ware na'urorin yara, ka sa musu lokacin da za su ɗauke, lokacin Islamiyya da lokacin barci, ka toshe shafukan batsa da na caca. Ba zai maye gurbin zama da yaro da yi masa magana ba, yaro mai wayo kuma yana iya komawa kan layinsa idan yana da kuɗin data. Amma ya fi halin da ake ciki yanzu, inda uba ke biyan kuɗi bai san komai ba.

Wannan iko na kula da yara ne. Ba sandar duka ba ce a kan matar aure ko ƙanin da ya mallaki hankalinsa, ba kuma abin da za a kashe ba ne don an yi saɓani da safe. Wanda aka damƙa wa manhajar gida amana aka ba shi. Ku kuma iyayenmu mata da 'yan'uwanmu, ku kwantar da hankalinku: mai riƙe da rauta yana ganin wayoyin da suka hau da yawan datar da suka sha, a wasu na'urorin har da sunayen shafukan da aka shiga, amma ba ya iya karanta saƙonninku na WhatsApp, domin tun 2016 a kulle suke tafiya daga waya zuwa waya. Kuma kada ku yi shiru ranar da ake shawarar inda za a kafa rassa. Ku ne kuke yini a gidan, ku kuka san inda sabis ke mutuwa. Ku ce a zo a gwada a ɗakinku kafin a biya mai aiki.

Kuɗi shi ke ɓata zumunci, don haka a yi maganarsa a fili tun kafin a sayi komai. Kakanninmu sun yi noman gandu, iyayenmu mata har gobe suna adashi, haɗa kuɗi don amfanin kowa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A zauna a yanke nawa kowane sashe zai bayar, ranar nawa ga wata, wa zai riƙe, me za a yi idan wani ya gaza a wani watan, na'urorin kuma na wane ne idan ɗan haya ya tashi. A rubuta, kowa ya sa hannu. A kuma ja kunnen juna a kan sha: waya idan ta hau waifai takan saki jiki ta fara sabunta manhajoji da jan bidiyo mafi nauyi, sai a ga datar wata ta ƙare a kwana goma. A shiga saitin kowace waya a rage nauyin bidiyo, a bar manyan saukarwa sai dare.

Wanda ya iya haɗa gidansa ya kama hanyar haɗa unguwarsa, kuma an yi a wasu wurare an gani. A yankin Kataloniya na ƙasar Sifen, mutanen karkarar da kamfanoni suka ƙi kai wa intanet sun fara kafa eriya a kan rufin gidajensu a 2004, suna miƙa wa juna. Wannan shiri mai suna Guifi.net ya girma har ya haura mahaɗa dubu 30. A Mankosi, wani yankin karkara a lardin Gabashin Kef na Afirka ta Kudu, jama'a sun haɗa kai da masana daga jami'a suka kafa Zenzeleni, raga mai aiki da hasken rana wadda ƙungiyar haɗin kan mutanen garin ke mallaka. A nan gida ma cibiyar CITAD da ke Kano ta daɗe tana horar da matasa a kan hanyoyin sadarwa na al'umma. Sai dai a kiyaye doka. Raba intanet tsakanin mutanen gida abu ne dabam, sayar wa jama'a kuma sana'a ce da ke bukatar lasisi daga NCC a Najeriya ko ARCEP a Nijar, kamfanoni da yawa kuma sun hana sake sayar da layin da aka saya don gida. Mai wannan niyya ya karanta sharuɗɗan kamfaninsa, ya bi ta ƙofa.

Ku kuma matasa, ga sana'a tana kiranku. Matse kan kebul, gwada shi, auna sigina, saita rauta, haɗa mata batir: abin da mai himma zai koya cikin 'yan makonni ne, kayan aikinsa kuma jaka ɗaya ta ɗauke su. Gidaje, makarantun Islamiyya, ƙananan asibitoci, shagunan POS, otal-otal, duk suna bukata. Ina kira musamman ga 'yan mata masu karatun kwamfuta: akwai gidaje da yawa da namiji baƙo ba ya wuce zaure, can ciki kuwa shi ne inda aikin yake. Ke ce za ki shiga har ƙurya ki auna, ki kafa, ki koya wa matan gida yadda za su kula da abinsu. 'Yan kasuwar Farm Centre da titin Beirut a Kano, da na Banex a Abuja, da takwarorinku na kowane gari, ku tambayi mai saye yadda gidansa yake kafin ku miƙa masa kwali. Ɗaki nawa, bangon bulo ne ko na ƙasa, akwai bene? Wanda rauta ɗaya ta ishe shi ku faɗa masa, wanda sai ya ja kebul ku faɗa masa.

Kira na ƙarshe ga masu gini a yanzu, da magina, da masu aikin wayarin. Kafin a yi filasta, kafin a zuba dakin, ku binne bututun kebul na intanet, dabam da na wutar lantarki, daga wuri ɗaya a tsakiyar gida zuwa kowane sashe, zuwa saman bene, zuwa zaure. A kowane bakin bututu ku bar soket a sama kusa da silin, inda reshe zai zauna. Ko ba ku da kuɗin kebul yau, ku zura igiya a ciki ku toshe bakin, ranar da hali ya samu da ita za a jawo shi. Kuɗin bututun roba a lokacin gini bai taka kara ya karya ba, fasa bango da tayil bayan an tare kuwa aiki ne mai tsada da ɓacin rai. Mai gida, idan magininka bai kawo maganar ba, kai ka kawo ta, ka kuma tsaya a kai har ka ga bututun sashen mata ya shiga ƙasa.